Abin da aikin gyara ya koya mini game da bindiga mai cin babban harsashi

Duk wanda ya zo neman ƙaramar bindiga mai ɗaukar harsashi mai ƙarfi, tambayarsa ta farko ita ce ko ba za ta fashe masa a hannu ba. Aikin gyaran bindiga ya nuna mini cewa ba nan gizo ke saƙar ba. Bindigar kamfanin kirki da wuya ta fashe muddin harsashin da aka rubuta a jikinta ake ba ta. Abin da ke kawo ta teburin gyara ci ne na sannu a hankali: nan ya saki, can ya tsage, har ranar da za a ja kunama ta ƙi.

Duk maganar a kan matsin da albarushi ke yi ne idan ya kama. A ma'aunin SAAMI, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi, iyakar matsin harsashin .38 Special psi 17,000 ne (psi awon ƙarfin matsi ne), na .357 Magnum 35,000, na .44 Magnum 36,000, na .454 Casull kuwa 65,000. Ƙarfe yana sha, kuma ba ya mantuwa.

Libarba ita ce ƙaramar bindigar da ake jera harsashinta a cikin silinda mai juyawa, kuma wadda ta fi koya mini wannan ita ce Model 19 ta Smith & Wesson. A tsakiyar shekarun 1950 aka ɗauki matsakaicin jikin da aka ƙera don .38 aka ɗora masa .357 Magnum, domin ɗan sanda ya sami abin ratayawa a ƙugu yini guda ba tare da ya gaji ba. Tunanin lokacin shi ne a yi atisaye da .38, a ajiye Magnum don ranar buƙata. Da mutane suka koma harba mai zafi kullum, musamman mara nauyin nan na giram 8, sai aibin ya fito. Idan ka buɗe silindar ka haska gindin bututu, inda harsashi ke shiga, za ka ga an shafce ƙasansa ya zama a baje don silinda ta sami wurin rufuwa. Wurin ya fi ko'ina siranta. A nan tsagar ke fitowa, siririya kamar gashi, sai ka bi da farce kafin ka yarda akwai ta. Bindigar ba ta da laifi, aikin da ba nata ba aka sa ta. Kamfanin da kansa ya gane, shi ya sa a farkon shekarun 1980 ya fito da samfurin 586 da 686 masu kaurin gindin bututu.

Tun daga nan, tambayar da nake fara yi ita ce: don wannan harsashin aka zana bindigar, ko daga baya aka cusa mata shi? Ruger ta bi hanya ta farko da Redhawk a 1979 da GP100 a 1985. Jikinsu dunƙule yake, babu farantin gefe da ake kwancewa, kuma silindar tana kulluwa gaba da baya. Ba su kai Smith & Wesson santsin kunama ba, wannan gaskiya ne, amma ba kasafai suke zuwa wurinmu da ciwon saki ba. Freedom Arms ma da ta tashi yin .454 Casull a 1983, ramuka biyar ta yi wa silindar maimakon shida, don bangon ya yi kauri.

A ɓangaren fistol mai magazin, wato wadda ake jera harsashinta a gidan da ake zurawa cikin mariƙi, harsashin 10mm Auto ya ba da irin wannan darasi. Ya fito a 1983 tare da fistol ɗin Bren Ten, dalma mai giram 13 tana gudun kusan mita 365 a daƙiƙa. Colt ta ɗora shi a kan tsarin fistol ɗin da ake kira 1911, wanda asalinsa na .45 ACP ne mai psi 21,000 kacal, ta kira shi Delta Elite a 1987. Na farko-farkon sun riƙa tsagewa a gefen jiki, saman ramin makarin marfi (marfi shi ne saman fistol mai ja da baya idan an harba), har sai da kamfanin ya yanke wurin gaba ɗaya. Glock 20 kuwa ta zo da marfi mai nauyi da aka auna daidai da harsashin, ita ce ma sojojin Denmak masu sintiri da karnuka a Girinlan ke ratayawa saboda farar beyar. Sai dai fistol tana da cin sifirin. Wanda ba zai riƙa canza sifirin ɗin mayar da marfi a kan lokaci ba, gara ya tsaya ga libarba.

Darasin da ya fi wuyar shiga kunnen masu saye shi ne na nauyi. Kowa yana son mara nauyi, amma naushin da ƙarfe bai shanye ba, hannu ne zai sha. Hukumar FBI ta rungumi 10mm bayan musayar wutar Miyami ta 1986, amma da harsashi mai ragaggen ƙarfi, daga nan aka haifi .40 S&W a 1990. In ƙwararru sun sassauta, ina ga mai harbi sau ɗaya a wata? Za ka ga mutum ya fara runtse ido yana dukar da bakin bindiga tun kafin ta tashi. Wannan ba gyaran maƙeri ba ne.

Kuma rashin nauyi yana taɓa amincin bindigar kanta. A libarbar .44 Magnum mai jikin alminiyam irin samfurin 329PD, wadda nauyinta bai wuce giram 700 da 'yan kai ba, fizgar kan yi tsanani har dalmar sauran harsasan da ke cikin silinda ta riƙa zamowa daga kwansonta. Harbi na huɗu ko na biyar sai kan dalma ya leƙo waje ya tokare, silinda ta ƙi juyawa. Gwajin da muke yi mai sauƙi ne: a yi wa harsashi ɗaya alama, a auna tsawonsa, a harba sauran biyar, a sake cikawa a maimaita, sannan a fitar da shi a sake aunawa. In ya ƙara tsawo, wannan harsashin bai dace da wannan bindigar ba, ko sunan wane kamfani ne a kwalinsa.

Idan libarba ta hannu ce za a saya, bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, nakan tura silinda gaba da baya in ji ko tana wasa, in zura ma'aunin tazara tsakaninta da bututu, inda milimita 0.1 zuwa 0.2 ya yi daidai. Sai in duba rufin jiki daga ciki, daidai saman tazarar, inda wuta ke yanka layi. Ɗan layi ba komai, yawanci yakan tsaya da kansa. Mai zurfi kuwa ya gaya maka irin abin da mai ita ya riƙa ba ta, ko da ya rantse .38 kawai ta taɓa ci.