Kada tsofaffin tambayoyin WAEC su cinye muku aji

Ƙannena da kuka fara riƙe alli, babban kuskuren da muka tafka, mu da muka riga ku, shi ne mayar da aji uku na babbar sakandare wurin haddar tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Uzurinmu sananne ne. Ana auna malami da yawan ɗalibansa da suka ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ga shi WAEC takan kankama wajen watan Mayu, zango na uku kamar babu shi. Sai muka riƙa tsallake duk babin da muka ce "ba ya fitowa".

Ga abin da muka girba. Yaro ya haddace cewa amsar tambaya ta 12 ita ce C, amma da ka sauya masa lamba ɗaya sai ya zauna yana cizon biro. A takardar Lissafi ta rubutu kuwa, mataki-mataki ake ba da maki: hanya da nata, amsa da nata. Wanda ya dire amsa tsirara ba tare da nuna aiki ba ya zubar da mafi yawan makinsa, wanda ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe ya tsira da wani abu. Mun daɗe ba mu koya wa yara wannan ba.

Tsofaffin tambayoyi na da amfani, amma a matsayin awo. Ku koyar da babi tukuna, sannan ku zaɓo tambayoyi biyar a kansa daga shekaru daban-daban, ku canja lambobin, ku ba da minti 20. Wajen dubawa ku lura da layin da yawancinsu suka karkace, nan darasin gobe zai fara. Ku kuma nemi rahoton manyan masu duba takardu da WAEC ke fitarwa, yana zayyana inda ɗalibai suka fi faɗuwa a kowane darasi, amma da wuya ka gan shi a ofishin malamai.

Gwajin ɗakin kimiyya ma kada ku bar shi sai saura mako biyu. Yaron da bai taɓa riƙe buret (bututun gilashin da ake ɗiga ruwan sinadari da shi) ba hannunsa rawa zai yi ranar jarrabawa, ruwan ya canja launi shi yana ta ɗigawa. Ko buret ɗaya ce da ku, ku raba su biyar-biyar tun daga aji biyu.