Yadda na koyi haɗa jamu a ƙauyen Kiringan

A Kiringan, wani ƙauye na yankin Bantul da ke kudu da birnin Yogyakarta, sana'ar mata da yawa ita ce jamu, wato jiƙon saiwoyi da ganyaye da mutanen tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya ke sha kullum don ƙarfafa garkuwar jiki. Lokacin da nake karatu a Indonesiya na roƙi wata dattijuwa a can ta koya mini. Ta yarda, amma da sharaɗin in riƙa zuwa kafin asuba, domin ita ba ta sayar da jamun da ya kwana.

Da kunyit asam muka fara. Ɗanyen kurkum ake samu, ba gari ba, a kankare shi, a daka, a matse ruwan, sannan a ɗora a wuta da tsamiya, da ɗan gishiri, da sukarin da suke dafawa daga ruwan furen kwakwa, mai kama da mazarƙwaila. Idan ya daɗe yana tafasa ƙamshin sai ya gudu. Hannu kuwa ya yi rawaya ke nan, sabulu ba ya fitar da shi a rana ɗaya. Beras kencur ya fi sauƙin sha: jiƙaƙƙiyar shinkafa ce ake niƙawa da kencur, wata 'yar saiwa dangin citta, yara ma suna rububinsa. Sai pahitan, na wasu tsirrai biyu, sambiloto da brotowali, mai ɗacin da sai an bi shi da wani abu mai zaƙi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda take sayarwa. Ba ta zuba wa kowa abu ɗaya. Sai ta tambayi mutum ya ya kwana, ko yana cin abinci, ko jiki na ciwo, sannan ta haɗa masa nasa a ƙoƙon kwakwa, ya shanye a tsaye. Masu saye a wurinta ba marasa lafiya ba ne, manoma ne da 'yan kasuwa da ba sa son su kwanta.

A 2020, da korona ta shigo, citta da kurkum da temulawak, wata saiwa dangin kurkum, sun yi tsada sosai a kasuwannin Jawa, har shugaban ƙasar na lokacin, Joko Widodo, ya ce shi ma yana shan jamu. A 2023 kuma UNESCO ta sa jamu cikin al'adun duniya da ake adanawa. Ni dai ban ga ya hana kowa mura ba, amma ya buɗe mini ciki, kuma kasalar safe ta ragu. Jamun da ake sayarwa ƙulle a leda ne nake gudu, don hukumar magunguna ta ƙasar ta sha kama waɗanda aka cakuɗa da ƙwayoyin asibiti.

Yanzu a gida kunyit asam kaɗai nake yi, da mazarƙwaila a madadin sukarin kwakwa, kuma daidai wanda za a shanye a ranar.