Darasin tsumma da ƙwaya goma

Duk mai lambu yana da ragowar iri a wani lungu, wani a ƙullin leda, wani a gwangwanin madara. A gida Arewa irin yakan shekara a rataye lafiya lau, domin rani da hunturu sun busar da shi ƙayau. Legas ba haka take ba. Danshin iska a nan yakan haura kashi 80 cikin 100, ga zafi dare da rana. Masana sun ce ƙarin zafin digiri 5 a ma'ajiya yana cinye rabin kwanakin iri, laima kuma ta fi zafin ɓarna.

Shi ya sa dattijon da nake aiki a ƙarƙashinsa a wani lambu ta wajen Ojo ba ya yarda a yafa tsohon iri sai an gwada. "Ɗana, ƙirga goma tukuna," haka yake ce mini. A jiƙa tsumma mai tsabta, a matse har ya daina ɗiga, a jera ƙwaya goma, a naɗe kamar tabarma, a sa a leda a bar bakinta a ɗan buɗe, a ajiye a inuwa. Kullum da safe a warware a duba, a yayyafa ruwa. In takwas suka fito da farar saiwa, irin na nan da ransa. In biyar ne ko shida, a ƙara hannu wajen yafawa. Ƙasa da haka, asarar taki ce da ban ruwa.

Ƙirgar ba ta da wuya. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne sanin halin kowane iri, don kada a yanke wa mai rai hukuncin matacce. Alayyahu da kokwamba ba sa cika mako. Attarugu da tattasai kuwa sai su kai mako biyu ko uku suna kwance, kuma da yawa ana zubar da su tun ba su farka ba. Kuɓewa tana son kwana a ruwa. Lalo, wanda Yarabawa ke saya da sunan ewedu, ɓawonsa tauri gare shi, sai an tsoma ƙullinsa a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu kafin ya buɗe. Latas yakan ƙi tsirowa in zafi ya yi yawa ko da sabo ne, don haka nasa tsumman gindin randa ake kai shi. Albasa ce mai gajeren kwana, da wuya irinta ya wuce shekara, alhali na tumatir kan kai huɗu in ya samu busasshiyar kwalba mai murfi.

Masu zuba iri a ruwa su ce wanda ya nutse shi ne mai kyau, ban yarda da su ba. Matacce ma yana nutsewa.

Mu muna yin gwajin ne tun a Fabrairu, kafin ruwan Maris da Afrilu ya kankama. Wanda bai fito ba, sai Baba ya aika a taho mana da sabo a motocin gwari masu sauka kasuwar Mile 12.