Lokacin da sarakunan Arewa ke da majalisarsu a Kaduna

Duk sanda aka tada maganar gyaran kundin tsarin mulki sai ka ji ana ta cewa a ba sarakuna gurbi, amma matasanmu da yawa ba su ma san cewa a da sarakunan Arewa majalisa guda ce da su ba, ta yin doka fa, ba ta ba da shawara kawai ba.

Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 ne ya kawo ta, aka yi wa Jihar Arewa majalisu biyu a Kaduna, Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna wadda ita ce ta sama, duka a Lugard Hall suke zama, ginin nan mai ƙubba da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke ciki yanzu. Da fari Bature ne ke shugabantar zaman, daga baya aka ba Sarkin Gwandu Haruna kujerar, ya riƙe har ƙarshe. Sarki mai daraja ta ɗaya ba ruwan shi da zaɓe, rawanin shi ne katin shiga. Daga tsarin mulkin Gwamna Macpherson na 1951 kuma in wakilai sun gama da ƙudiri sai ya bi ta gaban su Sarkin Musulmi Abubakar na III da Shehun Borno da Sarkin Kano kafin ya zama doka.

To amma ni a ganina ƙarfin sarakunan ba a zauren nan yake ba, a En'e yake, hukumar mulkin gargajiya da ke hannun sarki, wato ƴan doka da kotun alƙali da gidan yari da haraji, abin da ƴan jam'iyyar adawa ta NEPU suka yi ta kuka da shi kenan. Kuma majalisar ba ta iya kare ɗan cikinta ba, don a 1962 gwamnatin Sardauna ta sa aka binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare, sauran sarakuna suna ji suna gani.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisun duka, Gowon ya yanka Arewa jihohi shida a 1967, sojoji suka bi suka karɓe ƴan doka da gidajen yari da kotuna. Da farar hula suka dawo a 1979 majalisa ɗaya tak aka ba kowace jiha, ta sarakunan ba a sake buɗe ta ba.