Kafin ka zuba kuɗinka a albasar tulif

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya same ni a lambu ina sauya wa furen kariya tukwane, ya miƙo mini waya. Hoton wata gona ce a ƙasar Holan, tulif ja da ruwan ɗorawa jere kamar an ja su da zare. "Kawu, guda ɗari biyu zan sa a kawo mini, in shuka a filin Baba na Rigachikun, nan da wata uku in fara sayarwa." Muna tsakiyar watan Yuli, hadari ya haɗo ta gabas. Na tambaye shi me tulif ke buƙata kafin ta yi fure, ya ce ruwa da taki mana. Ban yi masa dariya ba, don ni ma da wannan amsar na shiga harkar.

Tulif albasa ce ta ƙasar sanyi. Furen yana kwance a cikin kan albasar tun kafin a shuka, amma ba zai miƙe ba sai ta sha sanyin da bai kai digiri 9 ba, na mako 12 zuwa 16 a jere. Hunturun Kaduna da muke rawar ɗari dominsa, da asuba ne kawai yake cizo. Kafin azahar zafi ya haura digiri 30. Da na gano haka bayan zubin farko ya ruɓe a ƙasa, sai na ce ai da firij. Na cusa zubi na biyu a aljihun ƙasa, tare da tumatir da ayaba. Kuskure biyu a wuri guda. 'Ya'yan itacen da ke nuna suna fitar da wata iska da ke kashe furen tun yana cikin albasar, sannan wuta tana ɗaukewa kwana biyu, albasar ta yi gumi, fumfuna ta rufe ta. 'Yan kaɗan da suka tsira sun ba ni fure gajere, kara bai kai tsawon yatsa ba, rana ta dafa shi cikin kwana uku. Shekara ta zagayo, ko ganye ban gani ba.

To, a lokacin wa zan tambaya? Masu sayar da fulawa a bakin titi iksora da boganbiliya suka sani, littattafan da ke hannuna kuma na Ingila ne, inda ake cewa a shuka albasa a watan Oktoba don ta kwana cikin ƙanƙara. Ina da uzuri. Ku da kuke da intanet a tafin hannu, sai dai ku kalli hoto ku wuce, ba mai tsayawa ya duba a wace ƙasa aka ɗauke shi.

Sai dai uzurin bai kai ga furen fetuniya ba. Na yafa irinta a watan Yuni don na ga damina ta kankama, a zatona duk abin da ke son ruwa yanzu ne lokacinsa. Irin fetuniya kamar ƙura yake, ba a rufe shi da ƙasa, haske yake so kafin ya tsiro. Ruwan dare ɗaya ya wanke rabi. Sauran suka fito, bayan mako guda na tarar duk sun kwanta, gindin kowanne ya sirance ya yi baƙi kamar an murɗe shi da farce. Cutar danshi ce, tana samun ƙananan tsiro idan ƙasa ta jiƙe sharkaf, iri ya cunkushe, iska ba ta ratsawa. Fetuniya a garin nan shukar rani ce: a yafa ta a faranti ƙarƙashin rumfa a watan Oktoba, a dasa a Nuwamba, ta yi ado har bazara ta ƙone ta. Damina ta ziniya ce da marigol da kan zakara, su ma a kan kunya mai tudu, ba a fangalin da ruwa zai kwanta ba. Ziniya wajen kwana 60 take yi daga iri zuwa fure, a bar mata tazarar santimita 25 zuwa 30, kuma a ba ta ruwa a gindi. In ana yawan jiƙa ganyen, tabo ne zai cinye shi.

Batun taki kuwa har yau ina jin kunyarsa. Kashin kaji ɗanye, daga keji zuwa leda, na cika leda wajen ɗari uku na dasa. Kwana huɗu bakin ganye ya ƙone, saiwa ta koma ruwan ƙasa. Kashin kaji sai an tara shi an yayyafa ruwa, ana juyawa, ya yi kamar wata uku, har warin ya tafi, in ka cusa hannu ba ka jin ɗumi. Haɗin da na tsaya a kai yanzu: kwano biyu na baƙar ƙasa, ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa, ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Jar ƙasar nan tamu ita kaɗai a leda, in ta bushe bulo ce, in ta jiƙe kunu ce. Daga baya kuma na koma wa yuriya don na ga tana sa masara baƙin kore. Ganye na samu kamar na alayyafo, fure babu. Yuriya abincin ganye ce zalla. NPK 15-15-15 ya wadatar, ƙaramin cokali ɗaya a tukunya, nesa da kara, sau ɗaya a wata.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne albasar da ta yarda da ƙasarmu ma sai da na kashe ta. Amarilis na binne ta kamar doya, ina ba ta ruwa safe da yamma shekara cur. Ganye zar-zar, wasu kuma gindin ya yi laushi ya ruɓe. Ita kashi ɗaya cikin uku na kanta a waje ake bari, a tukunyar da ta ɗan matse ta, mai huji a ƙasa. Damina na wucewa a janye ruwa gaba ɗaya, mako takwas zuwa goma, ganye ya bushe don kansa, kada a yanke shi yana kore domin shi ke ciyar da albasar. A watan Fabrairu a koma ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, cikin mako shida zuwa takwas kara ya ɓullo da fure huɗu kamar bakin kakaki. 'Ya'yan da take fitarwa a gefe sai sun shekara biyu ko uku kafin su yi nasu furen, kuma nan ne yaran yanzu ke karaya.

Na yi niyyar jera wa yaron nan shawara goma, da na buɗe baki uku suka fito.

Kada ka sayi abin da ba ka gan shi da fure a cikin Kaduna da idonka ba. Ko wanda aka kawo daga Jos ka yi hattara: Jos ta ninka mu tudu, wardi da daliya da ke walwala a can suna zuwa nan su yi wata biyu su sunkuya. Ga albasar kwaɗi a fadamunmu, ruwan farko na sauka take fitar da fari mai ratsin ja. Ga gatarin kurege da Turawa ke saye da tsada, a dajinmu yake hawa ciyawa. A kwantar da saiwarsa a kwance, zurfin santimita biyar zuwa takwas, a hankali don tana karyewa. Guba ce mai kisa, haka ma ruwan kariya, gidan da ke da yara da awaki a san inda za a ajiye su.

Na biyu, ka rabu da irin waje. Ko da yake, a'a. Ziniya da marigol na fakiti masu alamar F1, wato iri mai aure, sun fi namu cika da daidaiton launi, su nake saye, mai saye ma su yake nunawa da yatsa. Abin da ba a yi shi ne tara irinsu don baɗi: 'ya'yan ba sa ɗauko uwa, za ka ga wani dogo wani gajere, launi ya rikice. Na yi wannan ma, don rowa.

Na uku, leda ashirin, ba ɗari biyu ba. Wanda bai iya tashi ban ruwa kafin rana ta fito a watan Maris ba, ɗari biyu gawa ce kawai zai tara. Amma kuma da ban kashe ɗari uku ba, anya da na san warin takin da ya nuna?

Na tono masa amarilis biyar, na kakkaɓe ƙasar, na nuna masa wuyan da za a bari a waje. Ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. "Kawu, to hayasin fa? Ita ma sai firij?" Na ce ita ma albasar fure ce ta ƙasar sanyi. Na ce ya ɗauko buhu ya rufe yashin can kafin ruwa ya sauko.