Ranar da Teburin Injin Milin Ya Motsa

Laraba, bayan isha'i.

Alhamdu lillahi, yau injin milin ɗin nan, wato injin sassaƙar ƙarfe, da ya tokare mana kusurwar shago ya motsa da umarnin kwamfuta. Ina so in rubuta yadda aka yi tun lambobin ba su zube daga kaina ba.

Injin Bridgeport ne, ƙirar masana'antarsu ta Leicester a Ingila, na shekarun 1980. Alhaji ya saye shi gwanjo daga wata masana'antar roba da ta rufe a Sharaɗa. Ƙwaƙwalwarsa ta asali ta kamfanin Heidenhain ce na Jamus, kuma a zamaninta babbar aba ce. Sai dai ya daɗe a ajiye ƙarƙashin tamfol. Ƙurar hunturu ta yi masa bargo a ciki, ɓeraye sun gaigaye wayoyi, kafasitoci sun kumbura, batirin da ke riƙe masa saiti ya zubar da ruwa ya cinye layukan allon. 'Yan gwangwan har sun taya shi a kilo. Abin da ya hana a sayar musu shi ne hanyoyin da tebur ke bi a kai: na goge su da kananzir, na shafa da yatsa, ban ji rami ko kaushi ba. Ƙarfen zubi mai irin wannan nauyi, wanda ya shekara arba'in yana zaune ya gama duk wata miƙa da zai yi, ba abin narkarwa ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta mutu, ita kuwa yanzu ana samunta da sauƙi.

Mutane da dama sun ba ni shawarar in cire tsofaffin moto ukun nan in sa sitefa, wato moto masu juyawa taku-taku, tunda sun fi araha kuma haɗa su ba wuya. Ban yarda ba. Sitefa idan nauyi ya fi ƙarfinta tsallake taku take yi ta ci gaba abinta, kwamfuta ba ta sani ba, sai ka ciro aiki ka tarar ya lalace. Waɗannan na asali kuwa masu burushi ne, kowanne da tako a bayansa mai gaya wa amfilifaya, wato na'urar da ke ba moto wuta, irin gudun da yake yi. Burushinsu da saura, amfilifayoyin ma sun tashi bayan an canza musu kafasita. To me zai sa in zubar da su? Shi ya sa na zaɓi LinuxCNC, manhajar da ta samo asali daga wani aiki na hukumar awo ta Amurka, NIST, kuma kyauta ce. Na haɗa ta da katin Mesa 7i77, wanda ke karɓar enkoda shida, wato na'urorin ƙirga motsi, yake kuma fitar da siginar bolt 10 gaba ko baya, daidai irin wadda tsofaffin amfilifayoyin suke ji.

Da safe, kafin mu ba komai wuta, na sa yaron shago ya cire bel ɗin kowane moto. Ya ce, "Oga, ai mun gama haɗa waya, me zai hana mu gwada kai tsaye?" Na ce masa ya cire tukuna, zai ga dalili. Sannan na ɗauko batirin tocila guda, mai bolt 1.5, na ɗora a mashigar siginar amfilifayar X, wato ta moton da ke kai tebur hagu da dama. Moto ya juya a hankali, sumul, ba karkarwa. Na juya kan batirin, shi ma ya koma baya. Wannan ƙaramin gwaji ya fi kwantar min da hankali a kan duk awon da na yi da mita, don ya nuna moto da tako da amfilifaya suna jin junansu ba tare da kwamfuta ta sa baki ba. Da na haɗe mashigar ya zama sifili, na X ya tsaya cak, na Y kuwa, mai kai tebur gaba da baya, yana ɗan rarrafe. Akwai wani ɗan mitsitsin sukuru na daidaitawa a jikin allon, na murɗa shi da siririn sukundireba har rarrafen ya ɗauke.

Enkodojin asali sigina mai rauni ƙwarai suke fitarwa, ta maikiro-amfiya 11, wadda katin ba ya karantawa sai an sa akwatin fassara a tsakani. Sai na sa sababbi masu layi 1000. Katin na ƙirga huɗu a kowane layi, wato 4000 a juyi ɗaya. Moto kan juya sau biyu kafin dogon sukurun tebur ya juya sau ɗaya, shi kuma juyinsa ɗaya milimita 5 ne. Ke nan ƙirga 1600 a kowace milimita. Na sa yaron ya yi lissafin da kansa a bayan kwali kafin na rubuta a fayil ɗin saiti. Da muka juya motocin da hannu, na X ya ƙirga daidai, na Y yana ƙirgawa a juye. Alama ɗaya ce kawai za a sauya a fayil, amma da bel na jiki aka ba shi wuta haka, kwamfuta za ta ga tebur yana nisa da inda ta ce, ta ƙara masa wuta, ya ƙara nisa, ta sake ƙarawa. Kafin ƙiftawar ido ya zabura kamar dokin da linzaminsa ya tsinke, sai ya daki ƙarshe. Yaron ya yi shiru yana kallon lambobin, sannan ya gyaɗa kai.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Alhaji ya leƙo. Ya ga na ɓata lokaci a kan wayoyin jan maɓallin tsayawa, ya ce, "Injiniya, ba na ga akwai irinsa a jikin allon kwamfutar ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai. Amma ranar da kwamfutar ta daskare, wa zai danna mata shi?" Na nuna masa yadda na jera su: jan maɓallin, da makunnan iyaka na kowane ɓangare, duk a kan zare ɗaya suke riƙe da kwantakta, wato babban makunnin wutar moto. Ko waya ce ta tsinke a hanya, kwantakta ta saki, wutar moto ta yanke. Kwamfuta labari kawai ake ba ta cewa an tsaya. A wannan ba na sassauci ko kaɗan, don yaran da za su tsaya gaban injin nan 'ya'yan mutane ne, kuma moton da ke tura tebur mai wannan nauyi ba zai ji hannu a gabansa ba. Alhaji ya danna maɓallin da kansa, ya ji kwantakta ta yi ƙas, ya ce Allah ya taimaka, ya wuce.

Aka ɗauke wuta daf da azahar. Muka yi salla, muka ci abinci, na hana a tada janareta don aikin da ke gabanmu ba ya bukatarsa. Famfon man hanyoyin tebur muka buɗe. Kowane siririn bututu yana da ɗan bakin awo a ƙarshensa, kuma fiye da rabinsu sun toshe da tsohon mai da ya daskare ya koma danƙo. Wasu sun buɗe da jiƙo a kananzir, wasu sai an saya. Na zuba man hanya mai lamba 68, muka yi ta jan famfon da hannu har na ga mai ya tsattsafo a gefen kowace hanya. Yawancin masu wannan gyara hankalinsu na kan waya da allo, alhali injin da aka sa shi gudu a bushe wata kaɗan zai cinye abin da ya sa aka cece shi tun farko.

Wuta ta dawo bayan la'asar, muka mayar da bel. A nan ne aikin ya yi daɗi. Kwamfutar tana duba inda tebur yake sau 1000 a daƙiƙa, ta gwada da inda ya kamata ya kasance, ta gyara. Tazarar da ke tsakanin biyun ita nake kallo a zane a jikin allo. Na fara da ƙaramar lamba a P, wato saitin ƙarfin da kwamfuta ke gyara tazarar da shi, tebur yana bin umarni a kasalance. Ina ƙarawa yana ƙara kuzari, har ya kai inda moto ya fara gurnani a tsaye, ana jin tsuwar a jikin ƙarfe idan an ɗora tafi. Na ja baya. Sauran tazarar da ke fitowa lokacin gudu kuwa FF1 ce maganinta, wato saitin da ke ba moto wuta daidai da gudun da aka umarta: na yi ta matsa ta kaɗan-kaɗan, tudun da ke zanen yana kwantawa, har ya kusa shafewa. Ya tsaya a wajen milimita 0.02 a gudun yanka.

Duk wannan Baba yana zaune a benci yana kallo. Shi ne tsohon tona na shagon, ya yi aiki da irin wannan injin tun ina makarantar firamare. A wancan lokaci a gaban injin ake tsayawa a buga umarni layi-layi, ƙwaƙwalwar na tambaya kana amsawa, kuma idan aiki ya yi tsawo sai an turo shi gutsi-gutsi ta wayar RS-232 don ma'ajiyar ba ta da yawa. Tun da muka fara bai ce uffan ba. Sai da na ɗaura biro a bakin sifindil, inda ake ɗaura bakin yanka, na manna farar takarda a tebur, na buga umarnin G2 ya zana da'ira mai faɗin milimita 100, sannan ya taso. Ya cire takardar, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Yaro, zo ka gani. Nan da nan." Ya nuna sama da ƙasan da'irar da farce. A daidai inda Y ke sauya hanya akwai ɗan ƙaramin taku, wanda ni ban lura da shi ba daga inda nake tsaye.

Na ce, "Baba, allo bai nuna komai ba."

Ya ce, "Ai ba zai nuna ba. Abin ƙirgarka a bayan moto yake, ba a jikin tebur ba. Kawo agogo."

Muka kafa agogon awo. X yana wasa da milimita 0.02, Y kuwa 0.06. Baba ya mayar da bakin agogon kan ƙarshen sukurun kansa, ya sa na tura tebur gaba da baya, allura ta motsa. Ke nan sukurun ne gaba ɗaya ke zamewa a mazauninsa, boris ɗin da ke riƙe shi ne ya saki, ba notin da ke bin sukurun ba. Wannan labari ne mai daɗi, don boris ana samu a kasuwa, noti da sukuru kuwa sai an yi oda daga waje. Manhajar tana da wurin da za a rubuta mata yawan wasan ta riƙa cikewa, yaron ma ya tuna min da shi. Na ce a'a. Wannan dabara tana gyara lamba ne, amma idan bakin yanka ya kama ƙarfe ya fizgi tebur, wasan yana nan, kuma mazubin roba da muke son yi ba ya yafe irin wannan taku, a jikin kowane bokiti zai fito.

Kafin mu rufe Baba ya ce in nuna masa yadda ake rubuta layi miƙaƙƙe. Na nuna masa G1, ya buga da yatsa ɗaya, tebur ya tafi milimita 50 ya tsaya. Ya ce gobe in kawo masa jerin umarnin a takarda da manyan baƙaƙe.

Gobe in Allah ya kai mu za mu kwance mazaunin Y, in kwafi lambar boris ɗin in shiga Sabon Gari neman sa, tare da bakunan awon mai da suka ƙi buɗewa. Z, mai hawa da sauka, na nan ban taɓa saitinsa ba, haka inbatar da za ta sarrafa gudun sifindil tana cikin kwalinta. Ita sai na sake kafa sandar as, wadda ke kai wuta ƙasa, a wuri mai danshi tukuna, don ƙasar bayan shago ta bushe ƙamas, kuma ba na son hayaniyar inbata ta shiga wayoyin enkoda.