Kwantenar da Ta Iso Bayan Sallah

Ranar da na gaya wa Baba cewa digirina na biyu a fannin sufuri da tafiyar da kaya zan yi shi, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wato duk bokon nan da kika sha, ƙarshenta kamashon tasha za ki yi?" Yaran shago suka kwashe da dariya. Ban ce komai ba, don ni ma a lokacin ban iya bayanin abin da kyau ba.

Baba ya fi shekara talatin a Kantin Kwari. Ya murza shadda tsakanin yatsu biyu ya gaya maka asalinta. Idan ana ciniki da masana'anta a Guangzhou, sai ya kwana biyu yana jan farashin yadi. Amma bai taɓa ƙirga kwanakin da kuɗinsa ke yi a hanya ba, kuma a nan ne ya sha kashi a 2024.

A watan Janairu ya ba da odar kayan ƙaramar sallah, kamar yadda ya saba. Abin da ya manta shi ne azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, sabuwar shekarar mutanen China kuwa tana nan tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. A shekarar ta faɗo 10 ga Fabrairu, masana'antu suka rufe, ma'aikata suka tafi garuruwansu. Azumi ya kama 11 ga Maris, kayanmu ko rabin teku ba su kai ba. Kafin jirgi ya iso Legas, ejan ya gama takardu, tirela ta ci kilomita dubu da ɗoriya zuwa Kano, an yi sallah an watse. Ina tsaye 'yan dako suka riƙa shigar da diloli sito, kasuwa tsit. Maƙwabcinmu, wanda ya saya da tsada fiye da mu, tun kafin azumi ya sayar da nasa ya sake juya kuɗin. Mai ɗinkin sallah ai ba ranar jajibiri yake sayen atamfa ba, tela ma sai ya ga dama yake karɓar kaya bayan goma ga azumi.

Da muka fara darasin lissafin ajiyar kaya, malaminmu ya rubuta wata dabara da wani injiniya mai suna Ford Harris ya fitar tun 1913, ta gano yawan kayan da ya kamata a saro a lokaci guda. Ƙashin bayanta shi ne kayan da ke kwance a sito suna cin kuɗi: haya, gadi, jarin da ya maƙale, ga yayi da ke wucewa. Ina zaune a aji, dilolin Baba nake gani.

Ba duk abin da ake koya mana nake haɗiyewa ba. Littattafan suna ji da tsarin Toyota, inda kaya ke isowa daidai lokacin da ake buƙatarsu ba tare da tara su ba. Wannan sai inda hanya ke cika alkawari. Wanda tirelarsa za ta iya kwana uku a gefen titi saboda gada ta karye, dole ya aje na ko-ta-kwana. Labarin kamfanin tufafi na Zara ya fi kama hankalina: suna ɗinka kaso mai yawa na tufafinsu a Sifaniya da Fotugal da Maroko da Turkiyya, kusa da gida, duk da ya fi tsada, don sabon yayi ya isa shago cikin makonni. Tsadar ɗinki suka zaɓa a kan tsadar jira. Maƙwabcinmu bai taɓa jin sunansu ba, amma lissafinsu ɗaya.

Binciken kammalawata a kan tashar tsandauri ta Dala zan yi shi, wadda aka buɗe a Zawaciki cikin Janairun 2023, bayan ta Kaduna da aka buɗe a 2018. Manufar ita ce kwantena ta wuto Kano a yi mata aikin kwastam a nan. Tambayata ƙarama ce: kwana nawa hakan ke rage wa ɗan Kwari, kuma me ke sa wani ya gwammace tsohuwar hanya? Samun amsa wuya, don ɗan kasuwa ya fi yarda ya ba ka aron kuɗi da ya buɗe maka littafinsa.

Baba dai ya buɗe min nasa. Daren Juma'ar da ta wuce muka baje shi a tabarma, muka ɗauki ranar da ake sa ran fara azumi, muka riƙa ƙirgawa baya: kwanakin hanya, na tasha, na teku, na masana'anta, da hutun China. Yatsansa ya tsaya a Oktoba. Ya cire tabarau ya ce, "Yanzu tun ana girbin gero zan ba da odar kayan sallah?" Na ce ƙwarai, Baba. Ya ja tsaki, ya ce in miƙo masa biro.